Gaɓa ta Uku a Kiɗan Gidan Breslin

Manus ya jefe ni da cokali. Da hannun hagu ya jefa, don na daman ya mutu tun ranar Talatar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a bakin garke. Cokalin ya wuce ni ya daki butar shayi.

"Ko jifa ba ka iya ba," na ce. "Shekara sittin muna katanga ɗaya, sai yau za ka kashe ni?"

"Munafuka," ya ce, baki a karkace. "Mai laɓe."

Grainne, 'yar ƙaninsa da ta zo jinya daga Glasgow, tana zaune a bakin gado da gogensa a cinya. Mace ce mai jikoki, amma ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

Bari in gaya muku abin da ya jawo jifan. Duk wanda ya taɓa taka rawa a kwarin nan namu na Donegal ya san kiɗan gidan Breslin, gidan su Manus ke nan, irin mai saurin nan da muke kira ril. Kakan Manus ne ya zo da shi daga Sikotilan, inda mazanmu ke zuwa tonon dankali. A bakin wani makaho ya ji shi. Da yake mu ba ma rubuta kiɗa, sai ya riƙo shi da fito tun daga can har gida. An ce ko gaisuwar matarsa bai amsa ba sai da ya sauko da goge daga bango ya zuba shi a tsirkiya. Uwata ta ce matar ta yi wata guda tana ba shi dankali ba gishiri.

Gaɓa biyu tsohon ya kawo. Ta uku Manus ne da ƙaninsa Condy suka ƙaga suna samari. Da goge biyu suke yi, kamar yadda 'yan'uwa ke yi a nan: ɗaya ya ɗauki sautin sama, ɗaya na ƙasa. Condy ne na sama. Ramin da suke haƙa a Sikotilan ya rufta da shi Grainne tana wata takwas. Tun daga ranar Manus gaɓa biyu yake yi ya ajiye goge. Mutanen Dublin sun zo da na'urar ɗaukar murya, sun roƙa har shayinsu ya huce, biyu ya ba su.

Sai da ya ga mutuwa ta leƙo sannan ya ce a ba Grainne ta ukun. Hannu babu, murya babu, waɗanda suka taɓa jin ta kuwa duk suna bayan coci a kwance. A nan ne na tona kaina. Duk shekara, ranar da Condy ya mutu, in Manus ya gama tatsar safe sai ya ja ƙofar garke ya yi wa shanu gaɓar nan. Ni kuwa ina bayan katanga ina shanya kayan da suka bushe tun jiya. Babu asirin da ban kai kasuwa ba a garin nan, har na 'yar'uwar Fada, limamin cocinmu. Wannan kaɗai na haɗiye.

"To ai laɓen nawa ya yi rana," na ce. "Yarinya, ɗauki gogen. Kai kuma rufe baki, dama ba ya rufuwa daidai."

Na rera da baki, yadda iyayenmu mata ke yi wa masu rawa in ba makaɗi. Grainne tana bi na a hankali. Manus yana buga yatsa a bargo, in mun kauce sai ya yi gurnani.

"Kamar an taka wa akuya wutsiya," ya ce.

"Akuyar ce dai ta riƙe maka kayanka."

Kwana biyu muna yi, daga safe zuwa lokacin da ya gaji. Ranar Alhamis muka kai tsakiya, na yi shiru.

"Ci gaba, Gwaggo Nabla," Grainne ta ce mini.

"Nan yake tsayawa," na ce. "Sai ya buga ƙafa sau takwas, sannan ya dawo. Ni duk zatona hanci yake sharewa."

Muka dubi Manus. Idonsa yana kan rufin ɗaki.

"Wurin Condy ne," ya ce. "Na ƙasa ya yi shiru, na sama ya tafi shi kaɗai."

Grainne ta sauke gogen. Ba ta san fuskar ubanta ba sai a hoto ɗaya, shi ma hula ta rufe rabi.

"Baffa," ta ce, "wannan ne nasa? Shi ya ƙaga da kansa?"

"Shi kaɗai."

"Ba ni shi. Don Allah, Baffa."

Dabarar da muka yi daga nan tawa ce, ba zan ɓoye ba, kuma da na sani da ban kawo ta ba. Na ce ai hannun hagu ke danna tsirkiya, kuma nasa yana da rai. Muka jingina shi da matasai, na tallafe gogen a ƙirjinsa, Grainne ta riƙe sandar gogen tana ja. Yatsun nan da suka kasa riƙe kofi sai ga su suna gudu kamar na ɗan shekara ashirin. Kiɗa ya cika ɗakin. Har karensa ya taso daga bakin murhu.

Da aka zo wurin, yatsun suka ɗaga da kansu.

"Sake," ya ce.

Muka sake. Sau huɗu, kuma duk a wuri ɗaya suke ɗagawa. Ba su taɓa zuwa can ba, ba hanyarsu ba ce.

"Ina jin sa," ya ce. "Ga shi nan a kunnena, Nabla, ina jin sa sarai."

"To rera mana, tsohon banza. Ko da muryar jaki ce."

Ya buɗe baki. Grainne ta kai kunnenta har yana taɓa leɓensa. Iska ce kawai ke fita, da ɗan kakari a maƙogwaro. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ya mutu, bai ma san yana zuba ba. Ni na share masa da gefen rigata.

"Na ji, Baffa," Grainne ta ce. "Na ɗauka."

Ya dube ta. Manus bai taɓa zama wawa ba. Ya ɗora hannun hagun a kanta ya bar shi a nan.

Da hantsin Juma'a ya cika, ina kicin ina yanka burodi. Ni na buɗe taga don rai ya sami hanya, ni na tsayar da agogon bango. Na nemi wata baƙar magana da zan gaya masa ta ƙarshe, ban samu ba.

Bayan mun dawo daga binnewa, maƙwabta suka cika kicin ɗinsa, kowa da kofi a hannu, rigunan ruwa na ɗiga a bayan ƙofa. Wani ya ce Grainne ta ɗan taɓa mana gogen. Ta yi gaɓa ta farko, ta yi ta biyu, tsofaffi na buga ƙafa a daɓen dutse daga inda suke zaune. Da ta shiga ta uku sai kofuna suka tsaya a hanyar baki. Ta kai tsakiya, ta ɗaga sandar daga tsirkiya.

Ba wanda ya yi tari. Takalma kawai ke sauka a kan dutse, ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana tsaye da hannu a sama, kanta a karkace wajen taga.