Filin da Ke Cikin Koren Taswira

Madam Honorine, ma'aikaciyar ofishin filaye, ta ɗora yatsa a kan taswirar, daidai inda aka shafe da kore, ta dubi Ƙaltume ta saman tabarau.

"Hajiya, nan ne filin? Ai nan ba a gini. Fadamar masakwa ce, dawar rani, gwamnati ta keɓe ta don noma, kuma ta nan dorinai ke fitowa daga Binuwai. Ko bulo ɗaya kika aza, katafila za ta zo."

Ƙaltume ta yi maza ta zaro wayarta. Shekara ashirin tana sayar da atamfa a kasuwar Garwa, tana zaman haya, duk don ta samu inda za ta ce nata ne. Ita fa ta shigo ofishin filaye ne kawai ta tambayi yadda ake yin takardar mallaka. A daidai lokacin, ƙaninta Abduljalil yana can ƙauyen da filin yake, wajen mai gari Jauro Bobbo, da shaidu da goro da duk abin da ta tara, zai saya mata filin. Kuma a can, da zarar mai fili ya ce "na sallama" aka shafa fatiha, magana ta ƙare.

Ta kira Abduljalil sau huɗu, wayar a kashe. Yaron nan da ladabin tsiya, ba ya barin waya a kunne gaban manya! Ta tare ɗan moto, wato ɗan acaɓa, ko ciniki ba ta tsaya yi ba, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

Ta iske su ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kwanon goro na nan a rufe. Awa biyu ke nan, ashe Jauro bai ma iso kan maganar fili ba. Ya gaida Abduljalil, ya gaida shaidu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyali, ya tambayi shanu, aka kawo kindirmo, sannan wani baƙo ya iso aka sake gaisuwar daga farko.

"Yaya, lafiya?" Abduljalil ya raɗa mata. "Wallahi tun ɗazu nake neman bakin magana, ya hana ni."

"Allah ya yi masa albarka," in ji ta. "Kama bakinka, filin nan ba na gini ba ne."

Ta samu wuri ta zauna a gefen tabarma. Daɗi ya cika ta har ƙwalla ta fito.

Jauro ya juyo a hankali. "Jam na, Hajja? Ya gida, ya kasuwa?"

"Jam, ranka ya daɗe," ta amsa, tana gyara zama. "Ya shanu? Ya maruƙa? Ba ni labarinsu duka, yau ba na sauri."