Ranar da Kyaftin Ya Rasa Murya

Tun ranar da aka tara su a kan dandali aka ce Asabar za a rufe wasan, Gethin ya kasa zama wuri ɗaya. Da an ce wasan waƙar zai kai bazara, ga shi ko sanyi bai gama shigowa Landan ba kujerun sama sun zama wayam.

Shi ɗan ko-ta-kwana ne, mai hawa a madadin babban ɗan wasa in ya kasa. Ya haddace duk waƙoƙin Kyaftin, amma bai taɓa hawa ba, domin Alastair Finch, dattijon da ke fitowa a Kyaftin ɗin, ko mura ba ya yi. A gidajen wasa akwai al'ada: in za a rufe, babban ɗan wasa yakan ƙirƙiri ciwo a wasan rana, ya bar wa na bayansa dandali sau ɗaya. Sai dai ba a roƙo. Wanda ya roƙa, labarinsa zai riga shi isa kowane gidan wasa.

Ga Asabar ta zo, Alastair ko alamar ciwo bai nuna ba. Mahaifiyar Gethin kuwa ta riga ta hau jirgin ƙasa daga garinsu Swansea a Wales da tikitin wasan rana, duk da ya ce mata kada ta zo.

Ya hau bene, ya sauko. Ya sha ruwa ba da ƙishi ba. Ya wuce ƙofar ɗakin Alastair, ya sake dawowa.

"Kai ɗan Wales, za ka cinye mana kafet," in ji Alastair daga ciki. "Shigo ko ka wuce."

Gethin ya tarar da shi yana turara maƙogwaro a kan kwanon ruwan zafi.

"Na ce ko kana son shayi ne, Yallaɓai. Ko zuma."

"Ko guba ba? Tun da muka fara kake leƙen maƙogwarona kamar likita." Alastair ya goge fuska. "Wasan rana da na yamma suka rage mini, yaro. Daga nan sai tallar biskit, in fito a kakan wani."

Sai wayar Gethin ta yi ƙara. Ya juya baya, ya rage murya.

"Mama, kin iso? To, ki shiga ki zauna. A'a, ba ni ba ne yau. Amma wasan da kyau, za ki ji daɗinsa. Eh, na san kin sa kwat ɗin coci."

Ya kashe, ya nufi ƙofa bai waiwaya ba.

Bai kai matakala ba sai ya ji tsawa a bayansa, irin muryar da ke cika gidan har kujerar ƙarshe. Alastair ne ke kiran mai kula da dandali.

"Maureen! Muryata ta mutu! Ko tari ba na iya yi!"

Maureen ta leƙo daga ƙasa. "Ai kuwa na ji, ranka ya daɗe. Har masu tasi a titi sun ji." Ta dubi Gethin. "Kai kuma me ka tsaya kallo? Ɗakin kaya!"

Rigar Kyaftin ta yi masa yawa a kafaɗa. Mai ɗinki ta cika baki da allurai tana bin sa daga madubi zuwa ƙofa, yana ta maimaita waƙar farko.

"Don Allah tsaya wuri ɗaya," in ji ta, "kafin in ɗinke ka da rigar."