Cokalin Mai Harshe

Aikinta a kamfanin askirim ɗanɗanawa ne, shi ya sa kowa ke ce mata Mai Harshe. Duk tukunyar da aka haɗa sai an kawo mata cokali ta haɗiye kafin a zuba a robobi. Ba a tofarwa a gidan, don manaja ya ce ɗanɗanon ƙarshe a maƙogwaro yake. Ma'aikata har tsiya suke mata, wai ita kaɗai ake biya don ta sha daɗi.

Da ta samu ciki, bayan shekarun da ta yi tana nema, sai harshen ya ƙara kaifi. Ta fara jin wani santsi-santsi can ƙarƙashin zaƙin, kamar kofin da ba a gama ɗauraye sabulunsa ba. Duk wanda ta ba ya ɗanɗana sai ya ce lafiya lau. Ita kuwa Allah bai yi ta da barin tambaya ta wuce ba.

Ta bi sawu har ɗakin haɗi, tana lasar kayan ɗaya bayan ɗaya, madara, sukari, mai, har ta zo kan wani buhun farin gari. Ashe shi ne. Baba mai haɗi ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ai wannan ba shi da ɗanɗano, aikinsa kawai ya sasanta mai da ruwa kada su rabu, kuma hukuma ta yarda da shi. Ta ce to in ya shiga cikin mutum, me yake sasantawa? Baba ya ce shi dai iyakarsa bakin tukunya.

Ranar awo ta ƙulla ɗan garin a leda ta kai wa likita. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce an gwada irinsa a kan ɓeraye masu ciki, sai aka ga canji a ɓangaren ƙwaƙwalwar 'ya'yan da ke kula da yunwa da ƙoshi, wasunsu kuma suka taso da yawan tsoro. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma mai sha jefi-jefi daban yake da mai haɗiya daga safe har yamma.

"To mu mutane fa, likita?"

"Gaskiya har yanzu ba a sani ba."

Wannan amsa ta fi komai tsaya mata a rai. Tsoro ya kama ta, ga kuma son sani yana cin ta. Ta ina garin zai bi ya isa ga ɗan da ko hannu bai gama yi ba?

Washegari ta zo da ƙaramin kwano, ta ɗanɗana, ta tofar. Manaja, wanda bai san da cikin ba, ya ce ta haɗiye ko ta tashi daga kujerar, masu son ta da yawa.

"Ranka ya daɗe, yanzu mu biyu ke haɗiyewa," ta ce. "Ɗayan kuwa ba a ɗauke shi aiki ba."

Ya yi mata barka, da gaske kuma yake. Sannan ya mayar da ita ɗaurin kwali, inda ake wuni a tsaye. Ta wanke cokalinta ta miƙa wa wadda za ta gaje ta, wata amarya da ba ta daɗe da tarewa ba. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta ajiye mata kwanon.