Sifaniyanci a Bakin Turmi

Bayan sadakar arba'in ɗin maigidana, Malam Badaru, 'yata Surayya ta tattara littattafanta ta cusa a ƙarƙashin gado. Ma'aikaciyar jinya ce. Wani asibiti a birnin Malabo, can ƙasar waje, ya ce zai ɗauke ta aiki in ta ci jarrabawar Sifaniyanci ta baka, wadda ake yi ta waya. Ta faɗi sau ɗaya, saura mata dama ɗaya. Babanta ne ya fi kowa son tafiyar nan.

Na ce, "Me malamar da ke koya miki ta waya ta ce?"

"Wai na san kalmomin, amma ina shimfiɗa su kamar tabarma. Kowace kalma tana da gaɓar da ake dannawa, ni kuwa ba na jin ta. Inna, a bar maganar."

Ni aji uku na yi a firamare a nan Kademi, ga shi ina takaba, ba inda zan je nemo mata malami. Washegari ina surfen gero na ce ta kunna min muryar malamar. Matar ta ce "komemos", wai muna ci. Na saurara sau uku, sai na ji shi kamar lugude, sara mai nauyi a tsakiyar marasa nauyi biyu.

Na miƙa mata ɗaya taɓaryar. "Ko, ki taɓa kawai. Me, ki saki ƙarfinki. Mos, ki taɓa."

"Inna, yaren Turawa ne fa, ba fura ba."

"Ke dai daka. Asibiti ya lalata miki hannu."

Ta yi dariya, ta ɗaga taɓarya. Da muka zo kan "komere", wato zan ci, ita da kanta ta gano nauyin yana ƙarshe. Sati uku muna haka. Geronmu ya ƙare muka karɓo na maƙwabciyarmu Larai, wadda ta dinga addu'ar a ɗage jarrabawar.

Ranar jarrabawar ta tafi Gaya, inda waya ta fi kamawa. Na kasa zama, na kasa cin komai. Bayan la'asar na ji tsayuwar babur. Ta shigo ta zauna kusa da ni, ta cire takalmi a hankali.

"Sun ce in kawo fasfo."

Na yi hamdala, na yi kukana har ya ishe ni. Sannan na ce ta ɗumamo mana tuwo, don tun safe ban karya ba.