Tuwon Gwangwani a Dutsen Pilat

Isufu ɗan Damagaram ne, yana karatun shimi, wato kimiyyar sinadarai, a Paris, ɗakinsa kuma na Saint-Denis. Da aka shiga babban hutun 2011, abokinsa Adoum, ɗan Cadi mai aiki a Lyon, ya kira shi a waya.

"Ka zo mu hau dutsen Pilat, mu kwana a daji kamar nasara. Amma kowa kayansa a bayansa, mon frère, kada ka kwaso nauyi."

Isufu ya shiga kantin masu hawan dutse, ya ga wata 'yar tukunya marar nauyi. Ya juya ta ya duba farashi, sai ya ajiye ta a hankali kamar jaririya mai barci, ya fice. A hanya ya ce wa ransa, mutumin da ke wuni a labo yana gwaje-gwaje ai bai kamata tukunya ta gagare shi ba.

Ya samu babban gwangwanin tumatir ya wanke, ya sa masa mariƙin waya. Ya yanke gwangwanin lemo, ya huda shi da ƙusa, ya zuba alkol mai kama wuta, ya zama resho. Muciya kuwa, ya datse ta biyu don ta shiga jaka. Da ya ɗaga kayan ya ji ba nauyi, har ya yi 'yar rawa.

Ya shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon, daga nan shi da Adoum suka hau bis, sannan suka kama hawa da ƙafa. Da la'asar suka sauke kaya a wani fili kusa da hanya. Adoum ya fito da burodi da sardin.

"Mayar da shi," in ji Isufu. "Yau tuwo za mu ci, da miyar kuka."

Ya fara kaɗa miya, ya juye ta a kofi. Ruwan tuwo ya tafasa lafiya lau, ya zuba garin sumul, wato tsakin alkama. Wajen tuƙi aka samu matsala. Gwangwanin ba shi da nauyin da zai tsaya, duk inda muciya ta juya sai ya bi ta. Isufu ya ɗaga muciya, tukunya ta taso da ita gaba ɗaya.

"Riƙe mini!"

Adoum ya taɓa, ya yi ƙara, ya cire safarsa ya sa a hannu. Ya durƙusa ya danne gwangwani, Isufu na tuƙi yana zufa, su biyu suna zagaya reshon kamar masu kokawa. Da tuwo ya nuna, sai ya ƙi fita. Suka kife shi a kan dutse, suka bubbuga gindin, har ya faɗo tim, fari, a mulmule, da zanen gwangwani a jikinsa.

Daidai nan wasu tsofaffin Faransawa masu sanduna suka iso. Ta gabansu, wata mai jar hula, ta ce sunanta Agathe. Ta sunkuya ta ƙura wa tuwon ido.

"Kai, wannan cuku na wane yanki ne?" ta tambaya da Faransanci.

Adoum ya buɗe baki zai yi bayani, Isufu ya taka masa ƙafa.

"Na Damagaram ne, madam."

"Damagaram," ta maimaita tana gyaɗa kai. "Wajen Auvergne ke nan, nan tsakiyar Faransa. Na taɓa wucewa."

Ta fito da 'yar wuƙarta ta yanka, ta ɗora a burodi, ta tauna ido a rufe. Sauran suka zuba mata ido suna jiran hukunci.

"Da ɗumi ake cin sa?"

"Haka al'adar take," in ji Isufu.

"Yana da kirki, amma bai tsufa ba. Ku ajiye shi a wuri mai sanyi har kaka."

Sai kowa ya miƙo burodinsa. Wani dattijo ya dangwali miyar kuka, ya ga tana yauƙi, ya ce ya fi son cukun haka ba miya. Kafin a jima ba abin da ya rage sai ɗan ƙanzo. Suka yi godiya sosai, suka bar musu tuffa, suka gangara.

Adoum ya kwanta a ciyawa yana dariya har da hawaye. Isufu ya leƙa ledar sumul, ya ga da saura, ya ɗauki gwangwani ya nufi rafi.

"Tashi ka sa safarka," ya ce. "Ni ban ci komai ba."