Yadda Sahabi Ya Kai Amaryarsa Bakin Teku

A karar shanu ta Batsari, in bijimi ya tsinke igiya ya tarwatsa 'yan kasuwa, Sahabi na Wagini ake kira. Siriri ne dogo, ba shi da wani jikin a zo a gani, amma in ya damƙi ƙaho ya murɗa sai ka ji ƙasa ta amsa. Fataucin shanu yake yi, ya sayo daga ƙauyuka ya sayar wa masu lodi zuwa kudu. Abin da 'yan kara ba su sani ba, sai mahaifiyarsa Inno kaɗai, shi ne Sahabi yana tsoron ruwa. Yana ɗan shekara tara rafi ya kawo a hanyar Darini, ya kwashe shi tare da jakin gidansu. Shi reshen marke ya tare shi, jakin kuwa ba a sake ganinsa ba. Tun daga ranar, ruwan da ya wuce idon sawu Sahabi ba ya shigarsa. Da damina gara ya yi zagayen awa biyu a babur da ya ratsa kwari.

Yarinyar da zai aura, Naja'atu, malamar firamare ce a Zakka. An sa ranarsu bayan an gama roron wake. Wata la'asar suna zaune a ƙofar gidansu, ya ce ta faɗi abu guda da take so ya yi mata bayan biki, ko mene ne. Ya ɗauka za ta ce keken ɗinki ko sabuwar waya. Sai ta yi wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce ita teku take son gani. Shekara uku tana koya wa 'yan aji biyar labarin Badagiri, tsohon garin nan na bakin teku a can gaba da Legas, da tsohon gidan benensa, da hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa jirage, amma ita kanta hoton da ya koɗe a littafi kawai ta sani.

"An gama, Malama," in ji Sahabi. "Ko ƙarshen duniya ne za mu je yawon amarci."

Manya ba su ba da wahala kamar yadda ya zata ba. Mahaifinta Malam Sada ya ce in an ɗaura aure magana ta koma hannun miji. Inno ta ɗan yi mita, ta ce a zamaninsu amarya a ɗaki aka san ta, amma da ta ga idon ɗanta sai ta sa albarka. Naja'atu ta ware littafi guda don shirin tafiya. Ta rubuta motar da za su shiga daga Katsina, da inda za su yada zango, da kayan da za ta ɗinka. Sahabi ya buga wa wani abokin cinikinsa na Legas waya, ya samo musu masauki mai tagar da ke kallon ruwa. Kullum ya zo zance sai an ƙara layi a littafin, har da yawan kwakwar da za su sha.

Ana saura wata biyu biki ta nuna masa wani bidiyo a wayarta. Ashe tsakanin garin da ainihin teku akwai wani faffaɗan ruwa, sai an shiga kwalekwale an haye, sannan a taka hanyar yashi zuwa gaɓa. Ta ce nan ne ta fi ɗokin gani. Sahabi ya kalli ɗan jirgin yana rangaji da mutane a ciki, ya kau da kai. Ya ce lallai wurin ya yi kyau, ya yi sallama da wuri.

Kwana uku yana juya maganar. Ya yi tunanin ya ce masaukin bai samu ba, ko ya ce hanya ba kyau su tafi Kano kawai. Amma duk ƙaryar da ya ƙulla, in ya tuna yadda fuskarta take haske in ta buɗe littafin nan, sai ta warware. Rana ta huɗu ya hau babur ya nufi madatsar ruwa ta Zobe, can wajen Dutsin-Ma, inda ba wanda ya san shi. Ya tarar da wani dattijon masunci mai suna Daudu yana gyaran koma a inuwa. Ya gaishe shi, ya tambayi aiki da iyali, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba Daudu bai yi dariya ba. Ya ce shi ma in bijimi ya kalle shi gudu yake yi, kowa da inda Allah ya rage shi.

Ranar farko a kan tudu aka ajiye kwalekwalen, Sahabi ya zauna a ciki kawai. Mako na biyu aka tura shi bakin ruwa ɗaure da igiya. Da jirgin ya ɗan motsa, sai ga gwarzon kara ya yi tsalle ya dira a taɓo, ya bar takalminsa guda a ciki. Ya zauna a gefe yana haki, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Dattijon ya miƙo masa takalmin ya ce sai Talata mai zuwa. Ya kuwa koma. Ya koyi zama a tsakiya, ya koyi kallon tudun da ke gaba maimakon ruwan da ke ƙasa, ya koyi sakin jiki in jirgi ya karkata.

Sai dai babur ba ya ɓuya a hanyar Safana. Mutane suka lura duk Talata angon Naja'atu yana wucewa ta mararrabar Zakka bai tsaya ba, ya dawo da yamma wandonsa a jiƙe yana ƙarnin kifi. Kafin a jima magana ta isa gidan Malam Sada cewa ya yi wata budurwa 'yar masunta. Da ya zo zance ranar Juma'a, Naja'atu ta fito ba littafi a hannunta. Suka gaisa sama-sama.

"Yaya Sahabi, in ka sake shawara ne ka faɗa mini da bakinka," ta ce. "Kada in ji a bakin 'yan ɗibar ruwa."

Bai taɓa jin abu ya yi masa nauyi a harshe kamar wannan ba. Ya ba ta labarin rafin Darini da jakin, da Baba Daudu, har da takalmin da ya bari a jirgi. Yana jira ta yi dariya, sai ya ga ƙwalla ta cika idonta. Ta ce don Allah a soke hayewar, daga gaɓar garin ma ai za ta ga ruwa, ya ishe ta.

"A'a," in ji shi. "Teku kika ce, kuma teku za ki gani. Saura Talata uku."

Talatar ƙarshe ya ce wa Baba Daudu yau tsallake za su. Suna tsakiyar madatsar iska ta taso, ruwa ya fara marin gefen jirgin yana fantsamo musu. Hannun Sahabi ya ƙanƙame katako, bakinsa na ta salati, ya ji ƙarar rafin nan ta dawo masa a kunne. Dattijon ya miƙa masa ƙwarya ya ce ya kwashe ruwan da ke shigowa. Ya saki hannu ɗaya, ya saki na biyu, ya shiga kwarfa. Yana cikin aikin ya ji gindin jirgin ya gogi yashi. Da za su komo, shi ya karɓi filafili ya tuƙa rabin hanya, a karkace dai, amma ya tuƙa.

Aka yi biki, aka kai amarya Wagini. Kwana goma bayan haka suka kama hanya, Inno ta cika musu jaka da dambun nama da ƙuli-ƙuli kamar masu tafiya aikin hajji. Kwana biyu suka yi a mota. A Badagiri suka zaga tsohon benen, Naja'atu tana shafa bango tana rubutu. A ɗakin da aka ajiye sarƙoƙin bayi ta ɗaga guda, ta ji nauyinta, ta mayar da ita a hankali.

Da hantsi suka isa bakin ruwan. Aka ba su rigunan da ke hana nutsewa. Naja'atu da ta yi wata biyu tana ɗokin jirgi, tana sa ƙafa ya yi lilo, sai ta ja da baya ta riƙe hannun rigar mijinta. Sahabi ya riga ta shiga, ya tsaya daram a tsakiya, ya miƙo mata hannu.

"Zauna nan kusa da ni. Kada ki kalli ƙasa, kalli bishiyoyin kwakwar can."

Haka suka haye, kanta a kafaɗarsa, shi kuwa har hira yake ja da matuƙin yana tambayarsa irin kifin da ake kamawa. Suka taka doguwar hanyar yashin a hankali, saboda sun san su wa suka taɓa bin ta. Tun kafin su ga tekun suka ji rurinsa. Da suka hau ɗan tudun ƙarshe, sai ga shi shimfiɗe har inda ido ya gaza, yana tasowa fari fat yana zubewa. Naja'atu ta dafe ƙirji ta yi tasbihi. Sahabi ya naɗe ƙafar wando ya ja ta suka shiga, igiyar ruwa ta zo ta doke su har gwiwa. Ta kamfaci ruwan ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce wallahi 'yan aji biyar ba za su yarda ba sai sun lasa da kansu. Ya juye sauran ruwan gorarsu, ya nutsa har ƙugu inda ruwan ya fi tsabta, ya ciko mata ita taf.