Ruwan Dakta Safina

A wajen sunan ɗan yayarta a Jahun Safina ta yi kuskuren yi wa Baffa Marwa bayanin aikinta.

Ƙanin mahaifinta ne, maganin basir yake sayarwa a wata tsohuwar mota mai lasifika. Ya tambaye ta me take yi a ɗakin binciken nan na jami'ar Dutse. Ta ce akwai wata ƙwayar gado a jikin mutum da ke sa ƙwayar jiki ta kashe kanta idan ta lalace, tun kafin ta zama ciwon daji. Ita tana dasa ƙwayar gadon a cikin yis, ta ga yadda yis ɗin zai mutu.

"Yis dai na fanke?"

"Danginsa ne, Baffa."

Ya gyaɗa kai, ya ƙara shinkafa.

Da ta sake zuwa gida ranar kasuwa, tun daga tasha ta ji sunanta a lasifika. "Ruwan Dakta Safina! Daga jami'a! Yana kashe daji tun yana jinjiri!" Baffa ya jera robobi a saman mota, ruwan sukari da yis, kumfa na tasowa.

"Baffa, don Allah ka bari. Yis ɗin ne ke mutuwa, ba ciwon ba. Kuma ni ban zama dakta ba tukuna."

"Ku 'yan boko ba ku san darajar abinku ba," in ji shi. "Ni na san kasuwa."

Rana ta yi zafi, robobin suka kumbura. Ɗaya ta fashe, wata ta bi ta. Wani dattijo ya shinshina babbar rigarsa da ta jiƙe.

"Marwa, wannan ai warin giya ne!"

Mutane suka ja baya suna salati. Baffa ya manta lasifikar a kunne take.

"Wallahi ban san komai ba, 'yar wana ce ta haɗa!"

Wata mata mai suna Iyatu ta riƙo hannun Safina. "Ke ce daktar? Allah ya yi miki albarka. Ƙari gare ni a mama, an ce in je asibiti, sai ga maganinki."

Safina ta tsayar da adaidaita, ta ce asibiti za su yanzu. Iyatu ta shiga ba musu, amma sai da ta ɓoye robar maganin da ta saya a ƙarƙashin hijabi, kada likita ya ƙwace.